Yadda ake tara ƙananan shagunan Kirsimeti da jera su yadda ido zai leƙa ciki

Daga cikin kayan ado da ake fitowa da su lokacin Kirsimeti a Turai da Amurka, akwai wani nau'i da ba a sanin darajarsa sai an matso kusa an sunkuya, wato ƙananan shagunan nan da tsayin da yawa daga cikinsu bai wuce tafin hannu ba. Daga nesa ɗan gida ne kawai mai dusar ƙanƙara a rufinsa, amma da zarar an kai ido bakin taga sai a tarar da kanta da sikeli, da kwalabe jere a jikin bango, da mai shago tsaye cikin rigar aiki, wani lokaci har da kyanwa kwance a gindin murhu. Wahalar da maƙerin ya sha duk a cikin shagon take. Saboda haka wanda zai shiga tara irin waɗannan kaya, tun daga saye har zuwa jerawa da haskawa da adanawa, tambayar da zai riƙa yi wa kansa ita ce ko mai kallo zai iya ganin abin da ke ciki.

Kafin a kashe ko sisi, ya kamata mutum ya san dangin da zai bi, domin kayan ba tushensu ɗaya ba, kuma ba kasafai suke zama lafiya da juna a kan kanta guda ba. Mafi tsufa a cikinsu shi ne na birnin Napoli a Italiya. Ana danganta yaɗuwar al'adar siffanta wurin haihuwar Yesu Almasihu da Faransis na Assisi, wani malamin addinin Kirista ɗan Italiya, wanda ya shirya irin wannan a ƙauyen Greccio a shekarar 1223, amma mutanen Napoli na ƙarni na 18 su ne suka kewaye wurin haihuwar da kasuwa sukutum, ga mahauci da namansa a rataye, ga mai kifi, ga mai gashin burodi, ga mai 'ya'yan itace, ga kuma masaukin baƙi cike da masu cin abinci. Har yau masu wannan sana'a suna nan a titin San Gregorio Armeno, suna gina bango da ɓawon itacen da ake yin murfin kwalba da shi, suna ƙera mutane da kayan sayarwa da yumɓu. A kudancin Faransa kuma, a yankin Provence, akwai 'yan mutum-mutumin yumɓu da ake kira santon, waɗanda suka bazu bayan juyin juya halin ƙasar ya rufe majami'u, jama'a suka koma shirya abinsu a gida. Jean-Louis Lagnel na birnin Marseille, wanda ya rayu daga 1764 zuwa 1822, shi ne ake ambata a matsayin wanda ya fara fitar da su da yawa ta hanyar amfani da mazubi, kuma tun 1803 ake cin kasuwarsu a birnin kowace shekara.

Jamusawa nasu na katako ne. A gidajensu na ƙarni na 19 akwai ɗan shagon wasa mai kanta da aljihunan tebur da ƙananan gwangwanaye, wanda ake fito wa yara da shi a Kirsimeti kaɗai, a mayar da shi ma'aji idan biki ya wuce. Masassaƙan garin Seiffen da ke tsaunukan Erzgebirge sun kai ƙanƙanta maƙura, har suna shirya ɗaki ko shago ɗungurungum a cikin kwalin ashana. Tun kafin haka al'adar ta ƙetara teku: mabiya ɗarikar Kirista ta Moravia da suka kafa garin Bethlehem a jihar Pennsylvania ta Amurka a 1741 sun zo da abin da suke kira putz, wato ƙauyen da ake shimfiɗawa a gindin bishiyar Kirsimeti. A shekarun 1920 da 1930 kantunan araha na Amurka suka cika da gidajen kwali ƙirar Japan, masu tagogin leda mai launi da rami a baya don kwan fitila. Sai a 1976 Department 56, wanda ya faro a matsayin sashe na wani kamfanin furanni mai suna Bachman's a birnin Minneapolis, ya fitar da gine-ginen tangaran guda shida masu fitila a ciki da sunan Snow Village, ya biyo da Dickens' Village a 1984, wanda ke kwaikwayon Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya. A wannan shekarar ta 1984 ce kuma kamfanin Hallmark na Amurka, da ya fara kayan adon bishiya na Keepsake a 1973, ya ƙaddamar da jerin Nostalgic Houses and Shops, gida ko shago ɗaya kowace shekara, na ratayawa a reshe, mai buɗaɗɗen baya da ke nuna ɗakuna da kayan cikinsu. Shagon kayan wasa ne ya fito a 1985, na alewa kuma a 1986.

A ganina, sabon shiga ya zaɓi dangi ɗaya ya tsaya a kansa aƙalla shekara biyu ko uku, sa'an nan ya ƙara matsewa a cikin dangin. Wani yana tara shagunan burodi kaɗai daga maƙera daban-daban, wani yana gina titi ɗaya na zamani ɗaya, wani kuma yana bin jeri guda shekara bayan shekara har ya cike gurbin da ya ɓace masa. Kowace hanya aka bi daidai ne, muddin akwai ƙa'idar da za ta ba mutum damar ganin shago mai kyau ya wuce shi. Wanda ba shi da irin wannan ƙa'ida, kafin shekara biyar zai tarar da kwalaye cike da kayan da ba su san juna ba, ya rasa wurin jera rabinsu. Shago uku ko biyar sun isa mafari.

Bayan dangi sai ma'auni, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ko yaro ya ga mutumin da kansa ya wuce saman ƙofar shagon da yake tsaye a gabansa zai san da sake. Masu ƙera ƙananan abubuwa suna rubuta ma'auni da lambobi biyu, kamar 1:12 ko 1:48, ma'ana santimita ɗaya a nan tana wakiltar 12 ko 48 a zahiri. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama kusan santimita 14 a ma'aunin 1:12, santimita 7 a 1:24, uku da rabi a 1:48, kusan biyu a 1:87. Matsalar ita ce yawancin masu yin ƙauyukan Kirsimeti ba sa bin ma'auni sau da ƙafa, hatta kayan kamfani ɗaya sukan bambanta daga jeri zuwa jeri, kamar yadda gine-ginen Snow Village masu sheƙi suka fi na Dickens' Village marasa sheƙi girma. Dabarar da ba ta ba ni kunya ba ita ce a manta da tsayin ginin a auna ƙofarsa. Ƙofar gaske kusan mita biyu ce, don haka ƙofa mai santimita huɗu na nuna ginin yana wajen 1:48, kuma mutanen da za su dace da shi su ne waɗanda ba su kai ƙofar tsayi ba. A rubuta tsayin ƙofar shagunan da ake da su a 'yar takarda, a riƙa tafiya da ita tare da ƙaramin abin awo duk inda za a je saye.

Wajen saye, a ɗauki shagon a hannu a juya shi ta kowane gefe, kada a tsaya ga fuskarsa. Wuraren da suka fi karyewa su ne bututun hayaƙi, allon suna, sandar fitilar ƙofa, gefen rumfa da kuma zoben ratayawa. A haska cikinsa da tocila a ƙirga kayan: gurbin da ya rage da ɗigon busasshen gam a kan kanta shaida ce cewa wani abu ya faɗi ya ɓata, kuma samun madadin kwalbar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ya fi samun wani shagon wuya. Tangaran mai lafiya yana amsawa da 'yar ƙara mai zaƙi idan aka ƙwanƙwasa shi da farce a hankali, mai ɓoyayyen tsagu kuwa ƙararsa a dakushe take. Gidan kwali a shinshina shi, domin warin fumfuna ba ya fita, kuma yana iya kama sauran kayan da aka adana tare da shi. Idan ta intanet ake sayen, a nemi mai kayan ya turo hoton ƙasan shagon da bayansa da cikinsa, da hoto ɗaya da abin awo a gefensa. Wanda ya ƙi turowa, a bar masa kayansa.

Ƙasan shagon kuwa shi ne takardar haihuwarsa. Nan ake samun sunan kamfani da shekara da ƙasar da aka ƙera shi. Abin da aka buga wa "Made in Occupied Japan" an yi shi ne tsakanin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da 1952, mai tambarin "West Germany" kuma tsakanin 1949 da 1990, yayin da kayan Seiffen na waɗannan shekaru suke ɗauke da tambarin Jamus ta Gabas, tunda a can garin ya faɗa lokacin da aka raba ƙasar. Kayan jeri na Hallmark suna da 'yar alamar bishiya da lamba a cikinta, wadda ke nuna na nawa ne a jerin. Kwalin asali yana da amfani ƙwarai, ba don yana ƙara farashi kaɗai ba, sai don an yanka soson cikinsa daidai da jikin shagon, kuma babu abin da zai kare shi kamarsa. Game da farashi, a yi hattara da zancen cewa waɗannan kaya jari ne. Gaskiya ne kamfanoni sukan daina fitar da wasu shagunan, kuma hakan yakan sa a neme su, amma da yawa daga cikin abin da aka yi rububinsa a shekarun 1990 an ƙera shi da ɗimbin yawa, yanzu kuma yana nan birjik a kasuwar kayan hannu. A sayi abin da za a ji daɗin kallonsa, a farashin da ba za a yi da-na-sani ba ko da ba a taɓa sayar da shi ba. Ta ɗaya gefen kuma araha ba ta ado: shagon da aka shafe tagarsa da fenti maimakon a huda ta, komai sauƙin kuɗinsa, ba shi da cikin da za a leƙa.

Akwai gargaɗi biyu game da tsofaffin kaya. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, don haka ba abin ba yara ba ne su riƙa sawa a baki, kuma a wanke hannu bayan an taɓa shi. Na biyu, a shekarun 1930 da 1940 an sayar da dusar ƙanƙara ta ado da aka yi da wani ma'adini mai suna asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke lalata huhu. Duk wanda ya tsinci tsohon kwalin irin wannan dusa a cikin kayan da ya saya, kada ya buɗe shi, balle ya barbaɗa.

Yanzu sai jerawa. Shagunan ratayawa an yi su ne don bishiya, amma bishiya ba ta yi musu adalci sosai, domin zare yana juyawa, kuma sau da yawa buɗaɗɗen bayan da ke da duk kayan kallo shi ne zai fuskanci kututture. Maganin wannan shi ne a bar zare a yi amfani da ƙugiyar siririyar waya, a murɗa ta a reshen har shagon ya tsaya yadda ake so, a ɗan karkace, ta yadda mai wucewa zai ga fuska ta wani gefe ya ga ciki ta wani. Masu nauyi a rataye su can tsakiyar reshe inda yake da ƙarfi, a kuma bar musu sarari a ƙasa don kada su zauna a kan reshen da ke ƙarƙashinsu su jirkice. Wurinsu shi ne daga ƙirji zuwa ido, manyan ƙwallaye masu ƙyalli su tafi sama da ƙasa, tunda su daga nesa ake kallonsu. Ni dai na fi son sauke su daga bishiyar gaba ɗaya in jera su a kan siririyar kanta da madubi a bayansu, a bar tazarar yatsa uku ko huɗu tsakanin shagon da madubin, sai a ga fuska kai tsaye a ga ɗakuna a madubi a lokaci guda.

Manyan shagunan tangaran kuwa wurin zama suke so, kuma tsayin wurin ya fi faɗinsa muhimmanci. Idan aka shimfiɗa su a ƙasa ko a gajeren tebur, rufi kawai za a gani. Kanta mai tsayin santimita 120 zuwa 140 daga ƙasa ta dace da wanda ke tsaye, idan kuma a ɗakin zama ne inda ake kallo daga kujera, a sauko zuwa wajen mita ɗaya. A gina wurin bene-bene, layi biyu ko uku, kowane layi ya ɗara na gabansa da abin da zai sa tagoginsa su fito sama da rufin na gaba. Farin soson nan mai tauri da ake tokare kayan lantarki da shi a kwali yana da kyau ga wannan aiki, domin ana yanka shi da wuƙa, ana huda shi a zura waya, ana kuma soka masa bishiyoyi su tsaya. Sai dai kada a fesa masa fentin gwangwani, zai cinye shi ya zama ramuka, a shafa masa fentin da ake damawa da ruwa.

Shagon da ya fi kowanne kayan ciki shi ne zai zauna a gaba, ko da shi ne mafi ƙanƙanta ko mafi araha, manyan gine-gine irin su majami'a da tashar jirgi, waɗanda kyansu a siffarsu yake, su koma baya. Wannan darasi a jikina na koye shi. Ina da wani shagon mai gyaran agogo da ya yi Kirsimeti biyu a layin baya, don kawai launinsa bai yi mini armashi ba. A shekara ta uku, wajen share masa ƙura, na kai shi kusa da fitila, sai na ga agogo bakwai a bangonsa, kowanne da lokacin da yake nunawa daban, ga mai gyaran ya sunkuya da gilashi a ido ɗaya, ga wani ɗan ɓera ya leƙo daga ƙarƙashin kanta, girmansa bai kai kan ashana ba. Wani ya zauna da burushi mai gashi uku ya ɗiga wa ɓeran nan ido, ni kuwa na ɓoye shi bayan gidan waya har shekara biyu. Tun daga ranar nake fara jeri da tambayar wane ne ya fi cancanta a leƙa shi.

Kada a jera shagunan a miƙe kamar sojoji a fareti. A ɗan karkata kowanne, wani ya shigo wani ya ja da baya, a bar lungu tsakanin biyu, a bar fili a gaban mai burodi inda mutane za su tsaya. Idan akwai wasu ƙananan gidaje da ma'auninsu bai dace da sauran ba, ba asara ba ce: a kai su layin ƙarshe can sama, ido zai ɗauka nisa ne ya ƙanƙantar da su, wurin ya ƙara zurfi. Mutane kuma a rage su. Biyu suna hira a bakin ƙofa, yaro ya manna fuska a tagar mai alewa, mai keke ya jingina kekensa a bango, wannan ya isa titi guda, kuma kowannensu ya fuskanci wani abu, kada a bar su duka suna kallon mai kallo. A maƙale ƙafafunsu da ɗan kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, wanda ke riƙewa kuma ya fita ba tare da tabo ba. Dusar ƙanƙara a yi ta da audugar roba a shimfiɗe, a barbaɗa garin dusa kaɗan a gefen hanya da gindin bango inda iska za ta tara ta da gaske, a bar bakin ƙofofi a share kamar yadda mai shago zai yi da safe. Bayan duka a sa ƙyalle ko kwali mai shuɗi mai duhu, domin farin bango yana kashe hasken tagogi.

Haske shi ne rabin aikin, kuma yawansa ɓarna ne. Abin da ake nema shi ne cikin shago ya fi waje haske, kamar yadda titi yake da almuru, don ido ya bi hasken ya shiga. Idan aka kewaye ƙauyen da fitilu masu walƙiya, ko aka dasa shi ƙarƙashin babbar fitilar ɗaki, tagogin za su zama baƙaƙen ramuka. Tsofaffin gidajen tangaran suna zuwa da kwan fitila mai zare da ke cin wat 4 zuwa 7, wanda ke zafi sosai, kuma ashirin daga cikinsu a kan kanta ɗaya suna fitar da wat 80 zuwa 140 na zafi a tsakiyar soso da auduga. Gara a musanya su da kwan LED mai gindi iri ɗaya, wanda ba ya kai wat ɗaya ko ya ɗan wuce, kuma ba ya ƙona hannu. A duba lambar launin hasken a jikin kwalin: 2700K yana ba da haske mai ɗan ja-ja irin na fitilar da, wanda ya dace da shagon zamanin Biktoriya, 6000K kuwa fari ne fat mai shuɗi-shuɗi da ke mayar da shagon burodi kamar ɗakin tiyata. Idan kwan ya yi ƙarfi har yana kashe ido ta taga, a manna 'yar farar takarda mai shara-shara a bayan tagar, amma da kwan LED kaɗai ake yin haka. Shagunan ratayawa da ba su da fitila kuma, ƙwaya ɗaya daga siririn zaren fitilu mai batir, a lanƙwasa ta ta shiga ta saman buɗaɗɗen bayan, ta wadatar.

Sai batun ƙarfin wuta, wanda ya ƙona wa mutane da yawa kaya a daren farko. Abin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada wutar bolt 120 yake ɗauka, alhali Turai da yawancin ƙasashen duniya 220 zuwa 240 suke amfani da ita. Ɗan abin da ke sauya siffar bakin fulogi ba ya rage ƙarfin wuta ko kaɗan, sai an sa taransifoma mai ragewa, ko a sauya wayar da kwan gaba ɗaya zuwa na ƙasar da ake ciki. A karanta rubutun da ke jikin fulogi kafin a jona. Duk wayar da ta bushe ta tsattsage a jefar da ita, a tattara sauran ta bayan matakalan su haɗu a soket ɗaya mai makunni, a kashe shi idan za a kwanta ko za a fita. Kyandir ba shi da wuri a kusa da wannan jeri. Gidan da ke da ƙananan yara kuma a kula da batir ɗin nan mai kama da kwabo, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, kuma a irin wannan gida kabad mai ƙofar gilashi ya fi kanta a buɗe.

Ƙura a share ta da busasshen burushi mai laushi, irin na masu zane ko na kwalliya, daga rufi zuwa ƙasa, cikin shagon kuma a hura masa iska da 'yar robar hura ƙura ta masu kyamara. Ruwa ba ya taɓa kwali, ba ya taɓa katako mai fenti, ba ya taɓa ƙyalƙyalin da aka barbaɗa a rufi, haka nan fentin tsofaffin kayan gilashi yana bin ruwa ya tafi. Tangaran mai sheƙi ne kaɗai ke jure ɗan tsumma mai laima. Rana ma abokiyar gaba ce, tana kodar da launi, musamman ja, saboda haka kada a jera su a bakin tagar da rana ke dukanta. Idan abu ya karye, a tsince gutsuren da hantsaki a sa shi a ƙaramar ambulan mai sunan shagon, kada a yi garajen mannawa. Farin gam na kafintoci ya dace da katako da kwali, a ɗiga shi da tsinken sakace. Gam mai saurin kamawa kuwa tururinsa yana barin farin hazo a kan tagogin roba, kuma hazon ba ya gogewa, sai garin gyaran gira a rasa ido. Tsohon abu mai daraja a bar shi da tabonsa, ko a kai wa wanda gyaran irinsa ne sana'arsa, domin sabon fenti a kan tsohon shago yana rage masa ƙima.

A yawancin gidajen da ke wannan al'ada ana jerawa ne daga farkon makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti, a kwashe ranar 6 ga Janairu, ko da yake a Provence da wasu sassan Italiya ana barinsu har 2 ga Fabrairu. Ke nan kayan sun fi daɗewa a kwali fiye da a kanta, kuma a kwalin ne yawancin ɓarna ke faruwa. Abu na farko a cire kowane batir. Na taɓa barin biyu a cikin wani shagon kayan wasa mai kiɗa, da niyyar zan cire su gobe, da na buɗe shi bayan wata goma sha ɗaya sai na tarar farin gishiri ya cinye ƙarafunan wurin batir ɗin ya gangaro har kan fenti, kiɗan kuma bai sake tashi ba. A naɗe kowane shago da takarda mai laushi marar asid, ba jarida ba, domin tawadarta tana kama fenti, kuma kada ledar nan mai ƙurajen iska ta taɓa jikinsa kai tsaye, takan bar zanen ƙurajenta idan zafi ya yi yawa. Wayar lantarki a naɗe ta daban a cikin takarda ko jakar ƙyalle, saboda robar jikinta tana narkar da farin soso idan suka daɗe a manne, ta nutse a cikinsa. Ma'ajin ya zama wuri mai sanyi marar danshi a cikin gida, ba saman silin da ke gasuwa ba, ba kuma ɗakin ƙasa mai laima ba, a jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi a kowane kwali, masu nauyi a ƙasa, na kwali da gilashi a sama.

Littafin lissafi ma yana cikin kayan aiki tun daga shago na farko. Kowane shago a ba shi lamba, a rubuta maƙerinsa da shekararsa, da abin da aka yi shi da shi, da tsayin ƙofarsa, da lahanin da yake da shi, da irin kwan da yake ɗauka, sa'an nan a rubuta lambar a gefen kwalinsa inda za a gan ta ba sai an sauke na sama ba. Kafin a taɓa komai ranar kwashewa, a ɗauki hoton jerin sau biyu, ɗaya ta gaba da fitilu a kunne, ɗaya ta baya yadda wayoyi suka bi, a buga su a takarda a sa a saman kwalin da za a fara buɗewa a shekara mai zuwa, tare da abin awo da burushi da ambulan ɗin gutsattsarin da ke jiran gyara.